Famfon Mai: Zuciyar Motar da ke Jan Tirela

Daga watan Maris zuwa watan Mayu ake cire albasa mai yawa a Galmi da Dogarawa da Tsarnawa. A wannan lokaci manyan motoci masu jan tirela sukan cika bakin titi. Ana loda musu buhuna, su kama hanyar Yamai, wasu su wuce har Gana da Kodibuwa. A Malbaza kuma, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, motoci suna ɗaukar siminti rani da damina. Dukansu babbar hanya ɗaya suke bi, wadda ta ratsa Ƙonni da Malbaza da Dogarawa da Galmi zuwa Madawa da Maraɗi.

Duk wanda ke bin wannan hanya ya taɓa ganin mota a tsaye, an jera rassan itace gabanta da bayanta, direba da yaron mota suna kwance ƙarƙashinta. Idan an tambaya, sau da yawa amsar ita ce: famfo ne. Siminti yana iya jira idan ba ruwan sama. Albasa ba ta jira. Kwana uku cikin rana, a cikin buhu, ƙarƙashin tampol, sai ta fara ruɓa. Asarar ba ta mai mota ba ce shi kaɗai. Ta ɗan kasuwa ce, kuma ta manomin da ya ba da kayansa bashi.

Don haka sanin famfon mai ba na bakanike ba ne shi kaɗai. Abu biyu ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, famfo ba ya mutuwa haka kawai, mai marar tsabta ne ke kashe shi sannu a hankali. Na biyu, kaya masu nauyi su ne ke tona asirin famfon da ya gaji.

MENE NE FAMFON MAI?

Wannan famfo ba irin na ban ruwan garka ba ne. Ƙaramin abu ne da ke cikin mota. Tankin mai yana wuri ɗaya, inji yana wani wuri. Famfo shi ne ke jawo mai daga tanki, ya tura shi cikin tiyo zuwa inji. Aikinsa kamar na zuciya ne a jikin mutum. Idan zuciya ta yi rauni, mutum yana iya zama ya yi hira. Amma ba ya iya hawan tudu da buhu a ka. Haka mota take.

Tsakanin tanki da inji akwai matacin mai, wanda direbobi ke kira filta. Shi ne ke tare ƙura da datti da ruwa, kamar yadda rariya ke tare dusa.

MOTAR GAZUWAL

Manyan motoci da taraktoci gazuwal suke sha. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera irin wannan inji, ya yi aiki sosai a shekarar 1897. A shekarar 1927 kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera famfon irin wannan inji da yawa don sayarwa.

Motar gazuwal tana da famfo biyu. Ƙaramin shi ne ke jawo mai daga tanki ya bi da shi ta filta. Babban shi ne ke matse man da ƙarfi, ya aika shi zuwa bakunan feshi da ke kan inji. Su kuma su fesa shi kamar hazo, ya kama da wuta.

Ana auna ƙarfin matsi da awon da ake kira bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota wajen bar 2 ce. Ta tayar babbar mota wajen bar 8 ce. Famfon gazuwal irin na da yana matsa mai da ƙarfin bar ɗaruruwa. Sabon samfuri, wanda ya fara shiga ƙananan motoci a shekarar 1997, kuma yanzu yake cikin manyan motoci da yawa, yana wuce bar 1,500. Wasu suna kai bar 2,000.

Domin a sami wannan ƙarfi, ƙarafan da ke cikin famfo a matse suke ƙwarai. Gashin kan mutum ya fi ratar da ke tsakaninsu kauri fiye da sau goma. A famfuna da yawa kuma, gazuwal ɗin da ke wucewa shi ne ke sa waɗannan ƙarafa santsi. Ke nan ƙwayar rairayi guda, wadda ido ba ya gani sosai, tana iya karce su.

MOTAR ESANSI

Wasu ƙananan motocin ɗaukar kaya man fetur suke sha, wato esansi. A tsofaffi, irin su Peugeot 404, famfon yana manne a jikin inji, injin ne ke motsa shi. A cikinsa akwai wata ƴar roba mai tashi da sauka. Idan ta tsage, famfo ya daina tura mai.

A motocin zamani famfon na lantarki ne, kuma a cikin tanki yake zaune. Man da ke kewaye da shi da wanda ke bi ta cikinsa shi ne ke sanyaya shi. Direban da kullum yake tafiya da tanki kusan fanko yana gajiyar da famfonsa bai sani ba.

ME YA SA MAI JAN TIRELA TA FI WAHALA?

Motar da ba ta da kaya mai kaɗan take nema. Ko filta ya toshe rabi, ɗan man da ke wucewa ya ishe ta. Ko famfo ya gaji, tana tafiya lafiya, direba ba ya jin komi.

Da an ɗaura tirela an loda buhuna, sai labari ya sake. Inji yana neman mai da yawa, awa bayan awa, ba hutu. Filtan da ya toshe rabi ba ya iya ba da wannan. Famfon da ya gaji shi ma ba ya iyawa. Sai mota ta rasa ƙarfi, musamman a hawan tudu.

Ga ɗan lissafi. Daga Ƙonni zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne. A ce babbar mota da kaya tana shan lita 40 a kowace kilomita 100. Ke nan za ta sha lita 168 kafin ta isa. Duk wannan mai ta cikin filta da famfo zai bi. Har ma abin ya fi haka, domin famfo yana jawo mai fiye da wanda inji ke ƙonawa, sauran ya koma tanki. Idan akwai ɗan datti a kowace lita, a tara shi sau 168 a gani.

Sai kuma zafi. Lokacin albasa shi ne lokacin bazara, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40 a wannan yanki. Man da ke komawa tanki da zafinsa yake komawa. Idan tanki ya yi ƙasa, ɗan man da ya rage sai ya yi ta ƙara zafi. Gazuwal mai zafi ya fi tsinkewa, santsinsa ya ragu. A tsohuwar motar esansi kuwa, zafi yana iya mai da man da ke cikin tiyo tururi. Famfo ba ya iya tura tururi. Sai mota ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce.

Kayan da suka wuce ƙima suna ƙara duk wannan wahala. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sun kafa doka a shekarar 2005 a kan nauyin da babbar mota za ta ɗauka. An yi dokar don kare hanya. Amma wanda ya bi ta ya kare injinsa ma.

ABOKAN GABAR FAMFO GUDA HUƊU

Na ɗaya, ƙura. Da hunturu iska na ɗauke da ƙura dare da rana. Tana shiga ta bakin tankin da aka toshe da tsumma maimakon murfi. Tana shiga ta mazurarin da aka yar a ƙasa. Tana shiga ta bidon da aka bari a buɗe.

Na biyu, ruwa. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya, inda famfo ke zuƙa. Ruwa ba ya sa ƙarfe santsi, tsatsa yake kawowa. Yana shiga da ruwan sama ta murfin tano. Yana kuma taruwa kamar raɓa a cikin tankin da ya kwana rabi, idan an yi zafi da rana sanyi da dare.

Na uku, gauraye. Gazuwal ɗin da aka haɗa da kananzir ko esansi ba shi da santsi kamar na gaskiya. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma ƙarafan famfo suna cin juna. Ba ranar ake ganin ɓarnar ba. Sai bayan makonni ko watanni.

Na huɗu, iska. Idan tiyo ya tsage, ko mahaɗi ya saki, ko mai ya ƙare a hanya, iska tana shiga. Injin gazuwal ba ya aiki da iska a cikin tiyonsa.

A KULA DA WURIN SAYEN MAI

Tun watan Nuwamba na shekarar 2011 Nijar take tace manta a matatar SORAZ da ke jihar Damagaram. Kamfanin SONIDEP, wanda aka kafa a shekarar 1977, shi ke da aikin rarraba mai a ƙasa. Ban da wannan, shekaru da yawa esansi mai araha ya yi ta shigowa Ƙonni daga Illela ta Nijeriya, ba Illela ta jihar Tawa ba. A ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin esansi, farashinsa ya tashi a can.

Ko daga ina mai ya fito, abin dubawa shi ne hannuwan da ya bi da mazubin da ya kwana a ciki. A ƙauyen da babu gidan mai, dole a sayi na kwalba ko na bido. Masu sayarwa da yawa mutanen kirki ne. Amma bidon da aka taɓa zuba ruwa ko man gyaɗa a ciki yana ɓata mai ko da mai shi bai yi nufi ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. A zuba man a cikin farar kwalba mai tsabta. A ajiye ta minti goma. A ɗaga ta a hasken rana. Idan akwai ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa. Idan akwai datti, za a gan shi. Idan man ya yi gurɓi-gurɓi, kada a zuba shi a mota. Wannan gwaji ba ya nuna kananzir. Don haka man da arharsa ta yi yawa abin tsoro ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

ALAMOMIN DA MOTA KE NUNAWA

Mota ba ta magana, amma tana kuka tun kafin ta faɗi. Ga alamominta:

1. Tana tafiya lafiya babu kaya, amma da kaya ta rasa ƙarfi a tudu.
2. Tana fizga, kamar tana sarƙewa, idan an taka totur.
3. Tana wuyar tashi da safe, ko bayan ta yi zafi.
4. Tana mutuwa a hanya, bayan an ɗan huta ta tashi, can gaba ta sake mutuwa.
5. A motar esansi, ana jin ƙara mai tsini daga wajen tanki fiye da yadda aka saba.
6. Hayaƙi ya canza. Farin hayaƙi a injin da ya riga ya yi zafi yana iya nuna ruwa ko man da bai ƙone ba. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matacin iska ne ya toshe.

Waɗannan alamomi ba hukunci ba ne a kan famfo. Sau da yawa filta ne, ko tiyo, ko waya. Filta abu ne mai sauƙin kuɗi. Babban famfo kuwa yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin inji. A fara da mai araha kafin a taɓa mai tsada.

IDAN MOTA TA TSAYA A HANYA

Da farko a kauce daga tsakiyar titi. A sa wa tayoyi waigi, domin tirela mai kaya ba ta da wasa a gangare. A sa alama gaba da baya, nesa da mota, don masu zuwa su gani.

Sannan a bi wannan tsari:

1. A duba ko akwai mai a tanki. A duba da ido ko da sanda mai tsabta, domin allurar awo takan yi ƙarya.
2. A buɗe murfin tanki. Idan aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, ƴar ƙofar shan iskarsa ce ta toshe.
3. A motoci da yawa akwai ɗan kofi a ƙarƙashin filta inda ruwa ke taruwa. A kwance shi kaɗan, a zubar da ruwan har gazuwal zalla ya fito.
4. A bi tiyo da ido, a nemi inda ya jiƙe ko ya tsage.
5. A canza filta idan akwai sabo.
6. A fitar da iska. A sassauta ɗan kusar da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure.

A motar esansi ta zamani, a murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a saurara. Famfo mai lafiya yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Idan shiru, a duba fiyus da wayoyi tukuna. Wayar da ta yi tsatsa ta sha sa mutane su sayi famfon da ba su buƙata.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a buɗe babban famfo a bakin hanya. Gyaransa na masu injin gwaji ne, a ɗaki marar ƙura.

Ba a cire filta a haɗa tiyo kai tsaye don a isa gari. Ba a wanke tsohon filta na takarda a mayar. Wanda ya yi haka ya buɗe wa datti ƙofa.

Ba a karya darmar da masu ƙera mota suka ɗaure famfo da ita don a ƙara wa mota ƙarfi. Abin da ke biyo baya shi ne baƙin hayaƙi da shan mai da zafin inji.

Ba a sa hannu a nemi yoyo a tiyon ƙarfe inji yana aiki. Gazuwal mai irin wannan matsi yana huda fata kamar allura. Raunin ƙarami ne a ido, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take. A sabon samfurin inji kuwa, kada kowa ya sassauta waɗannan tiyo sai gwani.

Ba a zuƙo mai da baki. Idan ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani. Yara ƙanana masu koyon mota su ne aka fi sa wa wannan aiki, kuma bai kamata ba.

Ba a matso da taba ko ashana ko fitilar kananzir kusa da tanki.

TARAKTAR ƘUNGIYA

A gonakin ban ruwa na Ƙonni da na Galmi, da wasu garuruwa, akwai taraktoci masu jan ƙaramar tirela. Suna kwaso taki da albasa da gero da tubali. Injinsu na gazuwal ne, dokarsa ɗaya da ta babbar mota. Sai dai tarakta ta fi shan ƙura, kuma yawanci a tano ake ajiye mata mai.

A ajiye tano a inuwa, a rufe. A ɗan karkata shi, domin ruwa da datti su taru gefe guda. Bayan an kawo shi a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kuma kada a ɗibi na can ƙasa. Kada a ajiye gazuwal a mazubin kwano mai farin shafe, irin na bokitin ƙarfe, domin shafen yana narkewa cikin mai ya toshe bakunan feshi. A ware bido ɗaya da mazurari ɗaya na gazuwal kaɗai. A cika tankin tarakta da yamma bayan aiki, don kada raɓa ta taru a ciki.

Littafin da ke zuwa da kowane inji ya faɗi lokacin canza filta. Na mota da kilomita ake ƙirgawa, na tarakta da awoyin aiki. A ƙasa mai ƙura gara a canza kafin lokacin ya cika. Sakataren ƙungiya ya sami ɗan littafi. Ya rubuta ranar da aka canza filta, da wurin da aka sayi mai, da yawan litar. Ran da inji ya sami matsala, wannan littafi zai taimaki bakanike, kuma zai hana gardama tsakanin ƴan ƙungiya.

ABIN DA YA SHAFI MAI KAYA

Manomi ko ɗan kasuwar da zai loda albasarsa yana da ikon yin tambaya. Ba raini ba ne. Ya tambayi direba cikin ladabi: Malam direba, yaushe aka canza filta? Akwai wani sabo a cikin mota? A ina za a sha mai? Direban kirki ba ya jin haushin wannan. Zai ma ciro filtan ya nuna.

Kada mai kaya ya ruɗu don ya ga mota ta iso da gudu babu kaya. Motar da ba ta da kaya ba ta faɗin gaskiyar lafiyarta. Kada kuma ya matsa wa direba ya ƙara buhuna bisa ƙima don a rage kuɗin mota. Buhu goma na ƙari suna iya jawo asarar sauran duka.

Shi kuma mai mota ya ba direbansa kuɗin mai isasshe, don kada ya tafi neman na araha a hanya. Ya saya masa filta biyu na ajiya kafin lokacin albasa ya kama. Direba ya zubar da ruwan filta kowace safiya, ya rufe tankinsa da murfin kirki, kada ya bar mai ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu idan yana jan kaya.

Manomin albasa yana wahalar wata huɗu ko biyar, daga dashe zuwa cira. Bai kamata wannan wahala ta ruɓe a bakin titi saboda ruwa cokali biyu a cikin tanki ba. Rigakafi ya fi magani.